Tsakanin Aski da Fareti

Duk ɗan Kano da aka ɗauka aikin soja, in dai a mota zai tafi Zariya, sai ya ratsa ta gabanmu. Titin ya haye gadar Tamburawa, ya bi ta Karfi da Kura da Kadawa da Ciromawa, ya miƙe Kwanar Dangora, sannan ya faɗa ƙasar Zazzau. Muna cikin fangali, ruwa iya ƙauri, mukan ɗaga kai mu hangi bas cike da samari, kowa da 'yar jakarsa da bokitinsa, sun yi tsit ba mai hira. Bayan wata 6 su ne za su biyo titin nan su dawo, sun rame, sun yi baƙi, wuya ya miƙe, magana ta gajarce. Tafiyarsu mun sani, dawowarsu mun sani. Abin da ake yi musu a tsakani kuwa, an shekara 100 ana yin sa a Zariya, amma ni dai har yau ban ga an zaunar da mu an nuna mana shi yadda yake ba.

Tarihi na koyar a sakandare har na yi ritaya na dawo gonar shinkafar da na gada. Gidanmu kuma kowane zamani sai ya ba da soja: Baffana ya je Burma, Kawuna ya yi yaƙin basasa, ɗan ƙanena yana Arewa maso Gabas yanzu haka. Saboda haka in na ce ina da magana a kan yadda ake nuna mana kurtu, a majigi da talabijin da wayar hannu, ba maganar ɗan kallo nake yi ba.

Ganin farko da mutanen ƙasar nan suka yi wa sojan bariki ba a allo suka yi shi ba, kuma bai yi daɗi ba. A ƙarshen Janairun 1903 Kanar Morland ya taso daga Zariya da rundunar da za ta ci Kano, Turawa 'yan ƙalilan, baƙaƙen sojoji sama da 700, igwa 4 da bindiga mai ruwa 4. A Bebeji, nan maƙwabtanmu, aka rufe musu ƙofa. Suka saita igwa suka fasa ta, sarkin garin ya rasu tare da mutanensa da dama. Labarin ya riga rundunar isa garuruwan da ke gaba. Ranar 3 ga Fabrairu birnin Kano ya faɗa hannunsu, Sarki Alu yana can wajen Sakkwato. Abin da ya fi tsaya wa kakanninmu a rai shi ne, da yawa daga cikin masu harbin nan Hausa suke yi. Tun 1863, da wani hafsan jirgin ruwa mai suna Glover ya tara wasu Hausawa a Legas, galibinsu bayin da suka guje wa iyayen gijinsu, ya ba su bindiga, da Hausa ake sarrafa sojan Bature a wannan ƙasa. Rundunar sojan Najeriya ta yau daga waccan shekara take ƙirga haihuwarta.

Shi ya sa aka daɗe a nan ana ganin shiga soja abin kunya ne. Kura garin marina ne, rawani ɗan Kura har Agadas Buzaye ke nemansa, mai karofi da mai bugu suna da abin yi rani da damina. Wanda zai tafi bariki shi ne wanda ba gona ba sana'a, ko wanda ya yi abin da zaman gari ya gagare shi. Uwa ba ta zama cikin mata ta ce ɗanta soja ne.

A 1924 aka kafa Defo a Zariya, wato makarantar da ake mai da kurtu soja. Sojan lokacin jar dara yake sawa da gajeren wando da jar ɗamara, ƙafa ba takalmi ko a fareti. Hafsoshi duk Turawa ne, iyakar inda baƙar fata zai kai shi ne samanja, kuma ba a soke yi wa soja bulala gaba ɗaya ba sai bayan yaƙin duniya na biyu. Yaƙin nan ne ya shigo da Defo cikin gidajen talakawa. Bature ya buƙaci mutane da yawa a ɗan lokaci, sai umarni ya bi hanyar da haraji ke bi, daga Razdan zuwa Sarki, daga Sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci da mai unguwa. Wani ya tafi da son ransa don albashi da kaki, wani kuwa nuna shi aka yi. A shekarun nan ne kuma ake kwasar mutane aikin tilas a ma'adinan kuza na Jos, har wasu suka ga gara soja da haƙar kuza.

Baffa da ƙafarsa ya kai kansa, kuma majigi ne ya ja shi. A lokacin ƙasarmu ba ta san noman rani irin na yau ba, in an gama kaka sai samari su fita cin rani. Shi birni ya tafi dako. Wani dare aka kafa farin ƙyalle a fili, motar majigi ta kunna inji, wani mai lasifika yana bayani da Hausa. A 1939 Turawa suka kafa sashen shirya finafinai don ƙasashen da suke mulka, da yaƙi ya yi zafi kuwa labarin yaƙi ya cika majigi, kamar yadda ya cika jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a wannan shekara. Baffa ya ce ya ga samari baƙaƙe irinsa, jiki a murɗe, suna taku ɗaya, ana jera musu abinci, Bature yana duba sahu. Bai kwana uku ba ya je ya ba da sunansa.

Ina yaro nakan zauna kusa da shi bayan sallar isha'i in yi ta tambaya.

“Baffa, a Zariya me aka fara koya muku? Harbi?”

“Ina! Ɗana, hagu da dama aka fara koya mana. Mutumin da ya fi kowa iya huɗa a garinsu, in saje ya daka tsawa, sai ka ga ya manta hannun da yake cin tuwo da shi.”

Ya ce sun fi wata suna fareti da sanda kafin su taɓa bindiga, kuma shi a ƙarshe ba bindiga aka ba shi ba, adda aka ba shi da gammo. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda aka kai Burma su yaƙi Japanawa, suna da rukunoni na masu ɗaukar kaya a ka, domin dajin da za su shiga mota ba ta ratsa shi. A kwarin Kaladan a 1944 jirgin sama ne ke jefo musu abinci da harsashi, su kuma su ɗauka su hau tsauni su gangara. Da adda da diga da shebur suka sare hanyar ƙaramar mota mai tsawon sama da mil 70. Baffa yakan nuna mini ƙwaurinsa inda matsattsaku suka sha shi har ya zama gyambo, ya ba ni labarin zazzaɓi da atuni, da damina wadda ba a ganin rana, da wani abokinsa mutumin Rano da suka haƙa wa kabari da hannunsu. Yakan ce duk wannan ba ya cikin majigin da ya gani. Ba da fushi yake faɗa ba, faɗa kawai yake yi.

Wanda ya lura da sunayen barikokinmu zai ga yaƙin nan a rubuce. Barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, na Arakan da na Myohaung a Legas, duk wurare ne a Burma. Barikin da Defo ke ciki a Zariya kuwa Chindit ake ce masa, sunan rundunar da aka sauke ta jirgin sama a bayan Japanawa a 1944, wadda bataliyoyin Najeriya 3 ke cikinta. Dubban kurata na kwana a wannan bariki duk shekara. Da na tambayi ɗan ƙanena asalin sunan ya faɗa mini daidai, na kuwa ji daɗi. Amma a wajen bariki, ko cikin ɗaliban da na koyar, da wuya ka sami wanda ya san cewa manoman Kano sun mutu a bakin kogunan Burma. Da aka dawo da su, Malam Sa'adu Zungur ya yi musu waƙar Maraba da Soja. Bayan maraba sai kowa ya kama gabansa, wasu suka shiga aikin ɗan doka, wasu gadi, wasu tuƙin mota. Baffa ya koma gona da lambobinsa a cikin gwangwani.

Zamanin Kawu kuma rediyo ne ya yi kiran. Da yaƙin basasa ya ɓarke a Yulin 1967, sojan Najeriya bai fi dubu 10 da ɗoriya ba, kafin a gama a Janairun 1970 ya kai wajen dubu 250. Ba wata makaranta da za ta horar da wannan taro a tsanake. Horon watanni ya koma na makonni. Gidan Rediyon Kaduna yana ta sakin waƙoƙin zuga maza, makaɗa suna wasa hafsoshi, yaro na jin kiɗa jininsa na tafasa. Kawu ya ce ya iya kwance bindiga da ɗaura ta, ya iya kwanciya in an ce a kwanta, sauran kuwa a bakin daga ya koya, kuma da yawa ba su yi tsawon ran da za su koya ba. Akwai talabijin a Kaduna tun 1962, amma a Kura wa ya taɓa ganinta? Mu yara majigi muke jira a ƙofar gidan hakimi, inda za a nuna mana Janar Gowon yana duba fareti, sannan a sa fim ɗin noman gyaɗa ko na tsaftar rijiya.

Daga nan sai ruwa ya zo. Gwamna Audu Bako ya sa aka datse kogin Kano a Tiga, aka kammala madatsar a 1974, masana daga Holan suka zana magudanai, aka fara gwaji a Kadawa. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta karɓi aikin, da niyyar shayar da hekta 22,000 a kashi na farko, a ƙasashen Kura da Bunkure da Garun Malam. Wanda bai ga kafin zuwan ruwan ba, ba zai gane girman abin ba. Saurayin da a da zai ɗaura tabarma ya fita cin rani, yanzu yana da tumatir da albasa da alkama da masara a watan Fabrairu. Mu da muke fita nema, sai ga shi wajenmu ake zuwa ƙwadago. Da gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, na ga samarin da suka sayi babur da kuɗin gona ɗaya. A shekarun nan, a iya ganina, shiga soja ta ja baya ƙwarai a garuruwanmu. Wanda ke loda kwandunan tumatir a Kwanar Gafan ana kai su Legas, me zai kai shi Zariya a yi masa aski ƙwal?

Abin lura shi ne, daidai lokacin da muka rage ba da soja, a lokacin ne soja ya cika mana ido. An haɗe gidajen talabijin an kafa NTA a 1977, a farkon shekarun 1980 kuma gwamnatin Abubakar Rimi ta buɗe CTV 67, wadda yanzu ake kira ARTV. Talabijin ta farko da na zauna na kalla sosai a gidan wani ma'aikacin ban ruwa take a Kadawa, baƙi da fari, yakan fito da ita tsakar gida mu cika wurin. Daga 1966 zuwa 1979, da kuma daga ƙarshen 1983 zuwa 1999, soja ke mulki, saboda haka kusan kowane labari da kaki yake farawa. Amma wane soja ake nunawa? Gwamna yana yanka ƙyalle, shugaban ƙasa yana jawabi, faretin 1 ga Oktoba da badujala. Kurtu kuwa sau ɗaya ko biyu yake fitowa a shekara, ranar bikin yaye shi, minti biyu a labaran ƙarfe 9. Tsarin bai sauya ba har yau: babban baƙo ya iso, ya duba sahu a buɗaɗɗiyar mota, a yi taku a hankali a yi da sauri, a ba wanda ya fi ƙwazo kyauta, a yi rantsuwa, babban baƙo ya ja kunne a kan ladabi da biyayya, shi ke nan. Ba a jin muryar kurtu ko ɗaya. Ba a faɗin nawa suka shiga, nawa suka fita ba su gama ba.

Ɗan abin da farar hula suka sani na cikin Defo, a jikinsu suka san shi. Da aka ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a a Maris na 1984, ma'aikacin da ya makara sai a sa shi tsallen kwaɗo a gaban ofis, wanda ya tsallake layi a sa shi gwale-gwale. Abin da aka tsara don a gina jikin kurtu a koya masa bin umarni, sai ya fito titi ya zama hanyar wulaƙanta dattijo. Ina ganin a nan kirarin soja marmari daga nesa ya ƙara kama bakin mutane. Muna tafa masa a talabijin, muna kauce masa a gidan mai, kuma ba mu san yadda aka yi ya zama haka ba.

Sai da wayar hannu da intanet suka zo na ga cewa a wasu ƙasashe an daɗe ana buɗe wannan ƙofa. A 1970, ana tsakiyar yaƙin Biyetnam, wani Ba'amurke mai suna Frederick Wiseman ya shiga barikin Fort Knox da kyamara, ya bi wani rukunin kurata tun daga ranar aski har ranar fareti, aka nuna fim ɗin a talabijin a 1971 da sunan Basic Training. Ba mai sharhi, ba kiɗan zuga. Za ka ga yaron da ya kasa daidaita ƙafa, ya karaya har ana kai shi wajen limamin bariki, za ka ga kurtu baƙar fata yana musu da na gaba da shi a kan ko ƙasar ta ɗauke shi ɗanta. A Ingila kuma BBC ta bi wani rukunin kuratan sojan laima a Aldershot a 1982, shekarar yaƙin Falkland, ta nuna shirin a 1983 da sunan The Paras, kashi-kashi. Fiye da rabin yaran ba su kai ƙarshe ba, kuma an nuna su suna fita ɗaya bayan ɗaya, wani don rauni, wani don ya ga ba zai iya ba. Har kuratan mata an yi wa irin wannan fim a Amurka a 1981.

Ba na cewa waɗannan shirye-shirye gaskiya ce tsantsa. Babu rundunar da za ta bar kyamara ta shiga barikinta sai ta lissafa ribar da za ta ci, kuma ribar ita ce samari su kalla su yi sha'awa. Saje ma in ya san ana ɗaukarsa yakan gyara harshe. Ingilar da ke nuna waɗannan shirye-shirye, a barikinta na Deepcut kurata 4 suka mutu da harbin bindiga tsakanin 1995 da 2002, kuma ba shirin da aka yi da yardar runduna ne ya tono maganar ba, iyaye ne da 'yan jarida suka nace. Duk da haka, uban da ya kalli irin shirin nan ya san abin da zai tambaya kafin ya sa wa ɗansa hannu. Ya san akwai likita ko babu, ya san me ake yi wa wanda ya karye, ya san wanda ya kasa ba lalatacce ba ne. Mu ba mu da ko wannan.

Yanzu kuwa zamani ya sake juyawa. Gonar da kakanmu ya noma shi kaɗai an raba ta gado sau biyu, wani rabonsa bai fi fangali goma ba. Buhun taki ya fi ƙarfin ƙaramin manomi, magudanai sun sha cikewa da yashi da kacalla, a 2016 tsutsar tumatir ta share gonaki a 'yan makonni. Yaro ya gama sakandare, ba gurbin karatu, ba jari, ga abokinsa ya dawo hutu da kaki yana raba kuɗi. Sai ka gan su a shagon kwamfuta a Kura suna cike fom: shekara 18 zuwa 22, ko 26 ga mai sana'ar hannu, takardar sakandare, lambar ɗan ƙasa, shaidar ƙaramar hukuma. Runduna tana ta nanata cewa fom kyauta ne, amma duk shekara sai an sami wanda ya sayar da ragon uwarsa ya ba wani ɗan damfara da ya ce yana da hanya. Jahilcin abin da ke cikin gidan soja ne ke ciyar da irin waɗannan mutane.

Abin da ya ja ɗan ƙanena bai bambanta da abin da ya ja Baffa ba, allon ne kawai ya ƙanƙance. Gajerun bidiyo ne a Facebook da TikTok: kurata suna gudun asuba suna waƙa, suna rarrafe cikin taɓo, suna tsallake katanga, an ɗora kiɗa mai zafi a kai. Da ya zo mini da maganar na ce masa ya je ya roƙi albarkar mahaifiyarsa tukuna. Ta yi kuka, ta sa masa albarka. Ranar yaye su muka cika mota muka tafi Zariya, ta tsaya tana duba sahu tana neman ɗanta cikin dubban kawuna iri ɗaya, ba ta gane shi ba sai da ya zo ya durƙusa a gabanta.

Da ya zo hutun farko na ja shi gona muka zauna a kan kunya.

“Baba, gudu da rarrafe ba su dame ni ba, wanda ya yi dashen shinkafa a sunkuye tun safe har la'asar ba ya jin tsoron wannan. Barci ne babu. Sai kuma Turanci, umarni na zuwa da sauri, kafin ka fassara a ranka an wuce ka.”

Ya ba ni labarin wani yaro daga Kudu da gadonsu ke haɗe, wanda bai taɓa zama da Musulmi ba, ya koma shi ke tashinsa sahur, shi kuma yana riƙe masa bindiga in ƙafarsa ta kumbura a doguwar tafiya. Ya ba ni labarin wani ɗan jiharmu da aka sallama saboda ciwon ƙirji, ya ƙi komawa garinsu don kunya, ya tsaya dako a tasha. Ya ce akwai sajen da kowa ke tsoro, ranar rabuwa shi ne ya fara share hawaye, don ya san inda za a tura su. Ina sauraro ina cewa a raina, ai wannan shi ne shirin da ya kamata a ɗauka. In mutum zai yi fim a kan shinkafar Kura, ya nuna ranar dashe, ya tsallake ya nuna buhuna a jere a kasuwa, bai nuna ban ruwan dare da ciyawa da jan baki da bashin taki ba, duk manomi zai ce masa talla ya yi.

Kuma labarin bai ƙare a fareti ba. Tun 2009 yawancin yaran nan daga Zariya daji suke wucewa, Borno da Yobe, daga baya Zamfara da Katsina da Neja. A Metele a Nuwamban 2018 an kashe sojoji da yawa a hari ɗaya. A garuruwanmu akwai gidajen da aka yi zaman makoki ba gawa, don a can Maiduguri aka binne ta. Akwai matan da aka bari da goyo. Tsofaffin sojoji kuma sun sha zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Abuja suna neman haƙƙinsu. Horon ma ya matso kusa da mu: tun 2017 runduna ta mai da dajin Falgore wurin atisaye, kuma ta cikin dajin nan kogin Kano ke biyowa ya zuba a Tiga. Ruwan da muke ban shinkafa da shi ta gefen sansaninsu yake wucewa, amma mun fi sanin barikin Amurka a waya fiye da abin da ke faruwa a can.

Na san abin da za a ce: sirrin soja ne, ana cikin yaƙi, ba a buɗe wa maƙiyi ciki. Na yarda akwai abin da bai kamata a nuna ba, kuma ba wanda ya nemi a nuna dabarun yaƙi ko ma'ajiyar makamai. Amma yadda kurtu ke ci da kwana, yadda ake duba lafiyarsa, abin da ake koya masa game da farar hula da haƙƙinsu, hukuncin da ya halatta a yi masa da wanda bai halatta ba, waɗannan ba sirri ba ne ga maƙiyi, iyaye kawai ake ɓoye wa. Ni a ganina runduna ce ma za ta fi cin riba. Mutumin da ya ga irin wahalar da yaron nan ya sha kafin a ba shi bindiga zai fi ganin girmansa a shingen bincike. Yaron da ya kalla ya ga ba zai iya ba, ya huta ya hutar. Wanda ya tafi kuma ya tafi da idonsa a buɗe, ba kamar Baffa ba.

Kano ba ta rasa masu kyamara ba. Garin da ke fitar da finafinai masu dogon zango duk mako, da tashoshi irin su ARTV da NTA Kano da Arewa24, bai kamata a ce ya kasa bin yara goma daga Kura da Bunkure da Garun Malam, tun daga shagon cike fom har ranar rantsuwa, a kuma koma musu bayan shekara biyu a ga inda kowa yake ba. A yi shi da Hausa, a bar yaran da iyayensu mata su yi magana da bakinsu, a nuna wanda ya gama da wanda aka sallama. Ina roƙon hukumomin soja su ba da izini, ina roƙon masu shirya finafinai su nema. Kafin izinin ya fito kuma akwai aikin da ba ya buƙatar sa hannun kowa: mazan Burma sun ƙare a garuruwanmu ba wanda ya naɗi muryarsu, na yaƙin basasa da suka rage duk sun haura shekara 70. Duk mai irin wannan dattijo a gida, ya ɗauki waya ya zauna da shi a wannan makon.